Tekun da Tsumma Ya Share

Maourey ta ƙarshen shekarun 1970 unguwa ce a birnin Yamai, ta gidajen laka masu gajerun katangu, inda inuwar bishiyoyin bedi ta fi ɗakuna tara jama'a. Kasuwanni na kusa, don haka duk lungun da mutum ya bi sai ya haɗu da masu turin kaya ko telolin da suka jera kekunansu a bakin hanya. Da Zabarmanci ake gaisuwa, da Hausa ake ciniki, in takarda ta shigo cikin magana kuma a koma Faransanci. Da hantsi manyan motocin kaya, wato kamiyo, kan tsaya su sauke shinkafa da atamfa da kwanon rufi, waɗanda suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tafiyar kilomita dubu da wani abu. Rabin abin da unguwar ke ci ko sawa ta teku ya biyo, amma cikin mutum ɗari da wuya a sami biyu da suka taɓa ganin tekun da idonsu.

A nan aka haifi Mutari, wajen 1958 gwargwadon abin da takardar haihuwarsa ta nuna, ita ma daga baya aka yi ta. Mahaifinsa tela ne, Bagobiri, wanda ya zo Yamai daga wajen Tibiri da keken ɗinki ɗaya. Mutari bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, ɗinki kuma bai karɓe shi ba. Sai aka kai shi wurin wani mutumin Togo da ake kira Mushe Kwami, wato Malam Kwami a Faransancin gari, mai rubuta allunan shaguna, domin ya koyi sana'ar da za ta ci da shi. A wurinsa ya fara ganin fentin ruwa: ƴar akwatin gwangwani mai ƙananan gidaje goma sha biyu, kowane gida da launinsa a daskare, ba ya farkawa sai an ɗiga masa ruwa.

Wannan akwati tana da tarihinta. Turawa matafiya da ma'aikatan mulkin mallaka sun so ta saboda ba ta da nauyi, ba ta bukatar mai, ruwan sha kaɗai ya ishe ta. Da ita wasunsu suka riƙa zana gaɓar ƙasashe tun suna bisa jirgi. A can ƙasashensu kuma, masu jiragen ruwa sun daɗe suna sa a zana musu jiragensu cikin igiyar ruwa, su rataya a ɗakin baƙi. Da sana'ar ta iso Yamai sai ta fuskanci baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda raƙumi da kwalekwale da faɗuwar rana bisa kogin Isa suke nema. Waɗannan ne Mushe Kwami ya koya wa Mutari. Teku kuwa bai koya masa ba. Sa'ad da zai koma gida a 1981, ya bar masa akwatin, da burusai uku, da ƴan katunan hoto na bakin ruwan Lome waɗanda shuɗinsu ya fi na gaskiya.

Masu sayen teku daban suke. Direbobi ne da ƴan kasuwa da suka fara samun abin hannu daga hanyar Kwatano, suna gina gidajen siminti a gefen gari. A salon ɗinsu, wato ɗakin baƙi, akwai hoton Ka'aba, akwai kalanda, akwai jeren kwanukan uwargida, amma babu abin da ke shaida wa baƙo cewa maigidan ya je inda ƙasa ta ƙare. Mutari ya lura da wannan gurbi, ya fara zana musu teku daga katunan maigidansa. Sai dai akwai abin da hannunsa ke ƙarawa ba tare da ya yi shawara da shi ba. A ƙarshen ruwan, can nesa, yakan ja siririn layi na tuddai da itatuwa. Duk ruwan da ya taɓa sani yana da ƙetare. In ka tsaya bakin Isa kana hangen tuddan da ke bayan unguwar Lamordé a ƙetare, kuma bai ga dalilin da zai sa wani ruwa ya rasa nasa ba. Katunan, a ganinsa, mai ɗaukar hoton ne bai iya ba.

Shekara kusan goma yana haka ba wanda ya tanka, sai ranar da Halidu ya tsaya ƙofar shagonsa. Halidu direban kamiyo ne, Bazabarme haifaffen Yamai, mai Hausar kasuwa da babbar murya. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni, saboda haka bai ga bukatar ladabi ba. Ya dubi zanen da ke jingine da bango, ya yi dariya har ya dafa ƙyaure.

"Bagobiri, wannan teku ne, ko Isa ce ka zuba wa shuni? Wa ya dasa maka itatuwa can?"

Mutari ya tambaye shi, in babu gaɓa, a ina ruwan zai tsaya.

"Ba ya tsayawa, bawana. Shi ya sa ake ce masa teku."

Daga ranar Halidu ya mai da shagon zango. Duk dawowarsa sai ya zo ya zauna bisa benci, ya ci goron Mutari, ya kushe masa aiki. Ya ce shuɗin nan na katuna ƙarya ne, ko kuwa na azahar ne, lokacin da direba ke can cikin layi yana fama da takardun duwan, wato kwastan. Tekun da shi ya sani na sassafe ne, sa'ad da yake zagayawa bayan wurin ajiye motoci ya tsaya bisa yashi kafin a buɗe ƙofar tasha. A lokacin ruwan launin tsohon kwanon rufi gare shi, sama ma haka, kuma ba ka iya nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. In akwai jirgi a nesa, sai ka ce rataye shi aka yi. Wannan yake so a zana masa, ba tare da layi tsakanin ruwa da sama ba.

Buƙatar ta yi karo da yanayin garin. Kafin launi biyu su narke cikin juna ba tare da iyaka ba, dole takarda ta zauna a jiƙe har burushi ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe. A Yamai, wata tara cikin goma sha biyu, takarda na bushewa kafin hannu ya kai tsakiya, ta bar tabo mai kaifi daidai inda ba a so. Saboda haka Mutari ya tsara shekararsa gida biyu: rani na allunan shaguna ne, damina ta teku. A daminar ma ba kowace rana ba. Yana da alamunsa, wato ranar da gishiri ya jiƙe a kwano, ashana kuma ta ƙi kamawa.

Damina uku ya yi yana gwadawa Halidu na cewa bai yi ba. A cikin Agustan 1994, shekarar da aka yi ruwa mai yawa, wata safiya ta zo da alamun duka. Halidu na gari, motarsa na gareji. Mutari ya jiƙa takarda mai kauri da soso, ya haɗa toka-toka da ɗan shuɗi kaɗan, ya ja burushi mai faɗi sau ɗaya. Ya ɗaga hannu zai ƙara, Halidu ya riƙe masa wuyan hannu ya ce ya isa. Suka tsaya suna kallo launin na tafiya da kansa, yana hawa sama, yana sauka ƙasa, har ya rasa iyaka. Da takardar ta sha iska Mutari ya ɗora jirgi ɗaya ƙarami, da yashi, da kwalekwale a kife. Halidu bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ɗauki takardar da hannunsa na gareji, babban yatsansa ya bar tambarin baƙin mai a kusurwar ƙasa. Mutari ya ce Bazabarme ya ɓata masa aikin shekara uku. Halidu ya ce sa hannu ne, tunda dama tekun nasa ne.

Zanen ya tafi sabon gidan Halidu a Bobiel, lokacin unguwar rabinta gonakin gero ce. Direbobi suka gani, suka riƙa zuwa, amma kowa ya zo shuɗi yake so, da layi a miƙe, wani ma har da kamiyonsa a bakin ruwa. Mutari ya yi musu. Gaɓar ƙetare dai bai sake zanawa ba. Shi kansa bai san adadin tekunan da ya yi ba, kuma kaɗan ne suka rage. An rataye yawancinsu suna fuskantar ƙofa domin baƙo ya gani, rana ta cinye launin a hankali. Daga baya manyan hotuna bugun inji suka cika kasuwa, sannan wayar hannu ta zo, kowa ya ɗauko tekunsa a aljihu. Allunan shaguna ma inji ya karɓe su.

Halidu ya sha yi masa tayin tafiya. Wurin zama na nan kusa da shi, kwana uku su isa. Mutari yakan ce da rani akwai aiki, da damina kuma ba ya barin takarda. Sau ɗaya ya shiga motar, suka kai Gaya, saƙo ya riske shi cewa mahaifiyarsa ba lafiya, ya juyo. Bai sake gwadawa ba, Halidu kuma bai daina yi masa gori ba har ya bar tuƙi, har ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu a ƙarshen 2024.

Kwana biyu bayan Sallar Layya ta 2025, Zuwera, matar marigayin, ta zo Maourey tare da ƴarsu Anisa mai karatu a jami'a. Mutari na zaune ƙofar shagon da yanzu rabinsa na wani mai gyaran waya ne. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci, ta warware wani zanen atamfa ta fito da takardar tekun Halidu. Sama na nan daga can bisa, yashi ya dusashe. Tsakiyar kuwa, faɗin yatsu huɗu daga gefe zuwa gefe, fari ne mai dauɗa, ba ruwa, ba jirgi.

Ta yi bayani ba tare da ta ɗaga kai ba. Gilashin da aka rufe zanen da shi ya fashe tun shekarun baya, ba a sake sa wani ba. Malam, mijin nata, shi ke kaɗe zanen da hularsa, ya kuma hana kowa taɓawa, ita kuwa ta ɗauka son abinsa ne kawai, don bai taɓa faɗin dalili ba. Ana gobe Sallah, kamar yadda kowace mace ke yi, ta fitar da kayan salon, ta wanke kwanuka, ta goge kalanda da agogo da hoton Ka'aba. Da ta zo kan tekun sai ta ga wannan ce Sallar Layya ta farko da ba mai kaɗe shi. Ta matse tsumma ta shafa sau ɗaya, daga hagu zuwa dama. Tsumman ya fito da launin toka.

Mutari ya daɗe yana duban takardar. Bai ji haushinta ba. Gajiya ce ta sauko masa, irin ta wanda aka ce ya sake hawa tudun da ya hau yana da ƙarfi. Ya ce zai yi mata wani a sabuwar takarda. Ta girgiza kai, ta nuna kusurwar ƙasa. Tambarin yatsan na nan baƙi ƙirin, don ruwa ba ya wanke man mota.

"Malam Mutari, in wani nake so, kasuwa cike take da su. Wannan shi ya riƙe."

Ya gaya mata gaskiyar lamarin. Takardar ta shekara talatin da ɗaya, tsumma kuma ya ci fuskarta. Jiƙo ɗaya za ta iya ɗauka, ba biyu ba. In hannu ya kuskure, tabon zai zauna har abada, in an sake jiƙawa kuma ta saɓule. Bai ambaci cewa hannun nasa ya fara rawa tun bara ba, amma ta gani lokacin da yake karɓar takardar. Ta ce ta ji, ya yi a kan wannan ɗin.

Ya ajiye ta tsakanin alluna biyu, ya shiga gwaji a kan wasu takardu. Yuli ya wuce yana ja yana yagewa. Launin bai ɓace masa ba, yana haɗa shi ko da ido rufe. Jan ne ke gagara: burushi ya taso lafiya, ya kai tsakiya, sai yatsu su yi ɗan tsalle su bar gurbi. Ya gwada ɗaure wuyan hannu da ƙyalle. Ya gwada ja daga kafaɗa, yana tsaye. Ya bar shan shayi da safe. Wasu ranaku abin ya yi kusa, wasu ya yi nisa.

Anisa kan biyo in ta ƙetaro gada daga makaranta. Ganin yana wahala, ta buɗe masa waya ta nuna masa tekuna iri iri, na Kwatano ma akwai, igiyar ruwa na tashi tana faɗuwa. Ya kalla don kada ya kunyata ta. Ta ce, Tonton, wato kawu, ga shi nan ai, sai ka kwafa. Ya ce ya sha ganin irinsu a talabijin, duk na azahar ne, masu ɗaukar hoto ba sa tashi da wuri kamar direbobi. Ta tambaye shi me ya hana shi zuwa ya gani da kansa tun tuni. Ya ce ubanta ne ya cika surutu, ba mai iya kwana uku da shi a mota ɗaya. Ta yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya koma wanke burushi.

Ranar ta zo a makon ƙarshe na Agusta. An yi ruwa tun asuba har hantsi, ya ɗauke, hadari bai watse ba. Matarsa ta yi ƙorafin gishiri ya zama kunu, ashana uku suka mutu a hannunta. Mutari ya taka cikin taɓo zuwa shago, ya rufe taga don kada iska ta shigo, ya haɗa launi. Ya ja a takardar gwaji ta farko, hannu ya yi tsalle. Ya ja a ta biyu, ya wuce lafiya daga gefe zuwa gefe, launin ya hau ya sauka kamar yadda ya kamata. Ya fito da takardar Halidu, ya kwantar da ita bisa allo, ya tsoma soso ya matse.

A nan ya tsaya. Ya dubi gwajin na biyu da ke bushewa a gefe, ya rasa ko shi ne ko ba shi ba ne. Ya yi kyau, wannan ya sani. Amma waɗanda ya yi cikin damina ukun nan na farko ma a idonsa sun yi kyau, Halidu ne ke cewa ba su yi ba. A 1994 ba shi ya san lokacin tsayawa ba, riƙe masa hannu aka yi. Shekara talatin ana kiransa mai zanen teku, ya kuwa yarda da sunan, sai yanzu da soso a hannu ya ga cewa rabin aikin yana wurin mutumin da ke zaune bisa benci yana cin goronsa. In ya ja yanzu, ko da hannu bai kuskure ba, zai miƙa wa Zuwera wani teku a kan takardar mijinta, ba tare da akwai wanda zai ce wannan ne ba.

Ya ce bari ya ƙara gwaji ɗaya. Na uku ya yi tsalle. Ya zauna ya huta, ya tashi, ya sake haɗa launi don na farko ya fara kauri. Kafin ya gama, haske ya shigo ta ƙarƙashin ƙyaure. Ya buɗe taga ya ga hadari ya tsage, rana ta fito, kwanon rufin maƙwabta na fitar da tururi. Cikin rabin sa'a takardun gwaji suka bushe ƙayau. Ya matse soson a ƙasa, ya mai da takardar tsakanin allunanta.

Satumba ta kawo ruwa, amma irin mai zubowa ya wuce, rana ta biyo bayansa nan take. Abin da ake iya yi da burushi mai ɗan danshi kawai, ya yi shi: ya farfaɗo da yashin, ya mai da kwalekwalen da ke kife, ya gyara gefen sama. Ya kewaye tambarin yatsan bai taɓa shi ba. Jirgi kuwa ba ya hawa sai ruwa ya kwanta tukuna.

Cikin Oktoba, da ya tabbata damina ta tafi, ya shiga taksi zuwa Bobiel. Ya daɗe bai je ba, sai da ya yi tambaya, don gonakin da yake kwatance da su duk sun zama gidaje. Zuwera ta shimfiɗa masa tabarma a salon. A bango, tsakanin agogo da kalanda, ƙusa na nan, da murabba'in fenti da ya fi sauran bangon haske. Ya buɗe allunan ya nuna mata, ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba: ranar ta zo, soso na hannunsa, bai jiƙa ba. Ya ce in tana so ta karɓi abinta haka, ko ta kai wa wani mai ƙuruciyar hannu.

Ta duba yashin da kwalekwalen, ta ce haka suke. Sannan ta ce Malam Halidu yakan gaya wa baƙi cewa shi ya yi zanen, Bagobirin burushi kawai ya riƙe masa.

"Bai yi ƙarya ba, Hajiya," in ji Mutari.

Ta ce ita ba ta san teku ba, ba ta taɓa wuce Dosso ba. Amma ta share shekara talatin tana shara a gaban wannan zane safe da yamma, in ya yi daidai za ta gane, in bai yi ba ma za ta gane. In ranar ta sake zuwa, ya sa Anisa ta kira ta, za ta zo ta zauna bisa bencin. Ya ce ba ya iya yi mata alkawarin hannunsa zai kai baɗi. Ta ce ba ta nemi alkawari ba. Ta naɗe allunan cikin zanen da ta kawo takardar da shi tun farko, ta miƙa masa.

Takardar tana Maourey, bisa kantar shagon da rabinsa na mai gyaran waya ne. Mutari na ci gaba da gwaji jefi jefi, ko da yake da rani gwajin ba ya nuna komai. An gama yashi, an gama kwalekwale da gefen sama. Tsakiyar, faɗin yatsu huɗu inda ruwa da sama za su haɗu, har yanzu fari ne, ba a kuma mai da jirgin ba.